Kalmar void a takarda: yadda ake gane inda take nufin fanko da inda take nufin ɓatacce

Mai harka tsakanin Garwa da Yola, ko Marwa da Mubi, ko Kuseri da Gamboru, ba ya rabuwa da takardun Ingilishi. Rasit na na'urar biyan kuɗi, yarjejeniya da abokin ciniki na Kano, sakamakon gwaji daga asibitin Maiduguri, tikitin jirgi, sitikar da ke bayan sabuwar waya. Ita kanta Kamaru tsarin mulkinta na 1996 ya ba Ingilishi da Faransanci matsayi ɗaya, don haka takardun gwamnati da yawa da harsuna biyu suke fitowa. A cikin waɗannan takardu akwai wata kalma mai haruffa huɗu, void, wadda take yawan jefa mutane cikin asara, saboda wanda aka kai wa ya karanta ya san ma'anarta ɗaya, ya ɗora ta a kan kowace takarda.

Tushen ruɗanin yana cikin tarihin kalmar. Ingilishi ya aro ta daga tsohon Faransanci wajen shekara ta 1300, kuma asalinsu ɗaya da vide da ɗan makarantar Faransanci ya sani, da vidange da kowane direba yake yi wa motarsa idan zai zubar da tsohon baƙin mai. Ma'anar farko ke nan, abin da babu komai a cikinsa. Daga baya lauyoyin Ingila suka ɗauke ta suka ba ta aiki na biyu: takardar da ga ta a hannu, da sa hannu da hatimi, amma a idon doka babu komai a cikinta. Faransanci bai bi su ba, ya bar vide da ma'anar fanko, ya ba nul aikin ɓaci. Larabcin takardun Chadi ma ya raba, faraag daban, baaɗil daban. Hausa ta fi su rarrabewa, tana da fanko da holoƙo da kogo da giɓi da sarari a gefe guda, tana da ɓatacce da sokakke da rusasshe a ɗaya gefen. Shi ya sa wanda ya yi karatun Faransanci, idan ya ga void ya tuna vide, rabin kalmar kawai ya kama.

Abin da ake dubawa kafin a buɗe baki

A fara da irin takardar. Ta lauya ce, ko ta banki, ko ta asibiti, ko ta injiniya? Wannan kaɗai yakan yanke rabin shakka. Sannan a dubi maƙwabtan kalmar. Idan a ko the ya zo gabanta, ko an ƙara mata s a ƙarshe, suna ce, kuma kusan kullum rami ne ko giɓi ko sarari. Idan is, ko shall be, ko becomes ya gabace ta, siffa ce, maganar ɓaci ake yi. Idan to ya gabace ta ko ta zo a matsayin voided, aikatau ce: a banki da ofis sokewa ne, a asibiti fitsari ne. Idan of ya biyo ta, rashi ake nufi, kamar a ce magana void of meaning, wato maganar da ba ta da ma'ana ko ta anini. Idan kuwa if, ko after, ko unless ya biyo ta, to a nan ne ake rage gudu, domin takardar tana da rai a yanzu, sharaɗi ne aka gindaya wanda zai kashe ta, kuma kalmomin da ke bayan if ɗin su ne ainihin saƙon.

A takardar yarjejeniya da ta kotu

Nan ne kuɗi masu yawa suke salwanta, don haka nan ya kamata a zauna.

Idan aka ce yarjejeniya void ce, ana nufin doka ba ta san da ita ba tun ranar da aka ƙulla ta. Babu wanda zai kai ƙara ya ce a tilasta wa ɗan'uwansa cika ta, kuma yardar da ɓangarorin biyu suka yi daga baya ba ta raya ta. Lauyoyi kan ƙara ab initio, Latin ne, ma'anarsa tun daga tushe. Null and void da ake yawan gani ba ta fi void kaɗai ƙarfi ba, al'adar tsofaffin lauyoyin Ingila ce ta jera kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya, kuma takwararta a Faransanci ita ce nul et non avenu. A shari'ar Macfoy da kamfanin United Africa ta 1961, wadda ta taso daga Saliyo, alƙali Lord Denning ya yi bayanin da kotunan Najeriya suke kawowa har yau: ba a ɗora abu a kan babu a sa ran zai tsaya, rushewa zai yi. Amfanin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake. Idan takardar farko ɓatacciya ce, duk abin da aka gina a kanta, jingina ko haya ko sake sayarwa, yana cikin haɗari.

Voidable kuwa wani abu ne daban, kuma masu fassara da yawa suna haɗe su. Yarjejeniyar voidable tana aiki, tana ɗaure kowa, sai dai wanda aka cuta yana da zaɓi: ya warware ta ko ya bar ta. Wanda aka yaudara, ko aka tilasta masa, ko aka ɓoye masa gaskiyar kaya, shi ne mai wannan zaɓi, ba wanda ya yi cutar ba. Kuma zaɓin yana mutuwa. Idan ya gano yaudarar amma ya ci gaba da karɓar riba ko amfani da kayan, ko ya yi shiru na dogon lokaci, kotu za ta ce ya yarda.

Wanda ya zauna gaban malam a zaure ya riga ya san wannan rabon, sunan ne kawai ya bambanta. Cinikin mushe ko giya ɓatacce ne tun asali, haka auren da aka ɗaura mace tana cikin idda, babu yardar da za ta gyara su. Wannan shi ne void. Amma wanda ya sayi saniya a kasuwa, daga baya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, cinikinsa ya ƙullu, yana da zaɓin mayarwa ko riƙewa. Wannan ya fi kusa da voidable. Idan ana yi wa dattijo bayani, wannan misalin ya fi kowace fassara shiga.

Ga inda bambancin yake cizo. Wani ya karɓi babur daga dila ta hanyar yaudara, ya sayar wa mutum na uku wanda bai san komai ba. A dokar Ingilishi, wadda Najeriya da yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru suka gada, idan cinikin farko voidable ne kuma dila bai warware shi ba kafin a sake sayarwa, na ukun ya mallaki babur, dila sai ya bi mayaudarin. Idan kuwa cinikin farko void ne, mallaka ba ta taɓa barin hannun dila ba, za a karɓe babur daga na ukun duk da bai yi laifin komai ba.

A Garwa da Marwa da Ngaundare da Njamena kuwa tsohon kundin dokar farar hula na Faransa ne ake bi, kuma shi da nasa rabon. Nullité absolue ta yi kusa da void, nullité relative ta yi kusa da voidable. Sashe na 1108 ya lissafa abubuwa huɗu da yarjejeniya take tsayawa a kansu: yarda, cancantar mai ƙullawa, abin da aka ƙulla a kansa ya zama sananne, da halastaccen dalili. Sashe na 1117 ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa kuskure ko tilas ko yaudara ba ta ɓaci da kanta ba, sai dai ta ba wanda aka cuta damar shigar da ƙara. Darasin aiki a nan shi ne kada mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa takarda ta ɓaci ya daina biya. A wannan tsarin alƙali ne yake furta ɓacin, kuma wanda ya daina biya kafin hukunci zai iya wayar gari shi ne mai laifin saɓa alkawari.

Maganar fili ta fi komai buƙatar kulawa. A Kamaru, dokar filaye mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yulin 1974, a sashe na 8, ta ce takardar da ke canja mallakar fili dole ta fito daga hannun notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta irin waɗannan takardu da tabbatar da su, in ba haka ba ɓatacciya ce, kuma sayar da filin da ba a yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba shi ma ɓatacce ne. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna a sashe na 22 kafin mai takardar mallaka ya sayar ko ya jinginar, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar null and void ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba ta faɗi. Takardar da aka rubuta a ƙofar gida, mai unguwa da shaidu huɗu suka sa hannu, tana da amfani wajen nuna cewa kuɗi sun shiga hannun wane, amma ita kaɗai ba ta mayar da fili naka a gaban doka. Mutane da yawa ba sa jin wannan sai gini ya kai linta.

Wani lokaci ba dukan takardar ce take ɓaci ba. Sashe na 1 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce dokar da ta ci karo da shi void ce gwargwadon inda ta ci karon, sauran tana nan. Yarjejeniyoyin kamfanoni ma galibi suna da sakin layi kusa da ƙarshe mai cewa idan kotu ta ɓata sharaɗi ɗaya, ragowar suna aiki. A nemi wannan sakin layin kafin a gaya wa mutum ya kuɓuta.

Kada kuma a haɗa void da 'yan'uwanta. Expired ita ce wadda wa'adinta ya cika, duk abin da aka yi da ita kafin ranar yana nan daram. Terminated ita ce wadda aka yanke daga yau zuwa gaba, bashin baya bai faɗi ba. Suspended dakatarwa ce, tana iya dawowa. Revoked ita ce wadda hukumar da ta bayar ta janye. Mai fassarar da ya kira dukansu an soke ya bar mai takarda cikin duhu.

Hanyar da ta fi aminci ita ce, duk inda void ta fito a yarjejeniya, a amsa tambayoyi uku kafin a fassara: daga yaushe, da bakin wa, kuma ina makomar kuɗin da aka riga aka bayar. A ɗauki jimlar da ake yawan gani: This agreement shall be null and void if payment is not made within 30 days. Fassararta ita ce, idan kwana 30 suka cika ba a biya ba, yarjejeniyar ta rushe kamar ba a taɓa ƙulla ta ba. Amma aikin bai ƙare ba. Kwana 30 daga ranar sa hannu ko daga ranar isowar kaya? Da ranakun hutu ko ban da su? Kafin alƙalamin sefa dubu 500 da aka bayar zai dawo ko ya tafi? Idan takardar ba ta faɗa ba, a sa a rubuta kafin a sa hannu, domin jimlar nan kaɗai ba ta amsa ko ɗaya daga ciki.

A kanti, a banki, da wurin masu sayar da tikiti

A na'urar biyan kuɗi da kati, wadda ake kira POS a Najeriya, TPE a Kamaru, maɓallin void da na refund ba aiki ɗaya suke yi ba. A ce yaron shago zai buga 45,000 sai yatsa ya ƙara sifili, rasit ya fito da 450,000. Muddin ba a rufe lissafin ranar an tura wa banki ba, void ake yi. A shiga jerin ayyukan na'urar, a zaɓi void, ko annulation idan da Faransanci take, a shigar da lambar cinikin da ke jikin rasit na farko, na'urori da yawa za su nemi lambar sirrin mai shago, sannan sabon rasit ya fito. A haɗa rasit biyun a ajiye, a ba mai kati kwafinsa. Abin da ya faru shi ne an kashe cinikin kafin kuɗin su bar bankin mai kati zuwa na mai shago. Idan an riga an rufe lissafin, void ba za ta yi ba, sai refund, wato sabon aiki na mayar da kuɗi, wanda ya fi ɗaukar lokaci.

Kuskuren da ya fi yawa a nan na tausayi ne. Mai kati ya duba wayarsa bai ga kuɗin sun dawo ba, hankalinsa ya tashi, mai shago ya ɗebo tsabar kuɗi ya ba shi. Alhali banki ya riƙe kuɗin ne kawai, zai sake su bayan wasu sa'o'i ko 'yan kwanakin aiki. Ranar da aka sake su, mai kati ya karɓa sau biyu. Idan rasit na void ya fito da alamar amincewa, ba a biyan tsaba, rasit ɗin ne hujjar da mai kati zai kai bankinsa.

Tikitin jirgi ma haka. Mai sayar da tikiti yana iya yin void a ranar da ya fitar da shi, galibi kafin ƙarfe 12 na dare, sai ya zama kamar ba a fitar ba, ba tare da tarar kamfanin jirgi ba. Gari na wayewa sai dokar refund, da tararta, wani tikitin ma ba a mayar da kuɗinsa sam. Saboda haka mai tafiya Umara ko Dubai ya buɗe fasfo a gaban mai tikiti ya gwada harafi da harafi. Mahamat da Mohamed da Muhammad suna ɗaya ne a wurinmu, amma ba ɗaya ba ne a wurin kwamfutar filin jirgi.

A kan cek, kalmar tana zuwa ta hanya uku. Wani kamfanin waje zai nemi void cheque domin ya ga lambar asusu. A ɗauki cek da ba a rubuta ba, a rubuta VOID da manyan haruffa daga gefe zuwa gefe da biro, kada a rufe layin lambobin da ke ƙasa, kada a sa hannu, a rubuta lambarsa a gindin littafin. A ƙasashen sefa takardar RIB, mai ɗauke da lambar asusu, da banki yake bayarwa tana yin wannan aikin, ita ya kamata a fara miƙawa. Na biyu, void after 90 days, wato ranar da kwanakin suka cika banki yana iya ƙin biya, sai an koma wurin mai cek ya sake wani, bashin kuma bai faɗi ba. Na uku ya fi muhimmanci ga mai karɓar takardun shaida. Ana buga wasu cek da satifiket da ɗige-ɗige masu laushi waɗanda ido ba ya rarrabewa, amma injin kwafi yana fito da su. Idan aka miƙo maka takarda ka ga VOID ta cika bayanta dishi-dishi, layi bayan layi, kwafi ne a hannunka, ka nemi ta asali.

Sitikar garanti

A juya sabuwar inbata ta sola ko akwatin waya. A kan ɗaya daga cikin ƙusoshin, ko a bakin da murfi ya haɗu da jiki, akwai 'yar sitika mai ruwan azurfa da rubutu ƙanana: warranty void if removed, ko if seal is broken. Garanti ya faɗi idan aka ɓamɓare. An yi ta hawa biyu, da zarar an ɗaga gefenta sai rabin fentin ya zauna a jikin na'urar, kalmar VOID ta fito a jere, kuma ko an mayar an danna ba ta komawa yadda take. Mai saye ya haska ta da fitilar waya a karkace tun yana shago. Idan ya ga inuwar haruffa ko gefenta ya tattare, an taɓa buɗe kayan. Idan kuma kaya ya lalace cikin wa'adin garanti, wurin dila ake fara kaiwa, domin mai gyara na bakin kasuwa da sukundireba zai fara, sitikar ce kuma farkon abin da zai huda.

A asibiti

A nan kalmar ta koma ma'anarta ta vidange, wato zazzage mafitsara. Patient voided a takardar jinya na nufin maras lafiya ya yi fitsari, ba an soke fayil ɗinsa ba. Ga jaririn da aka haifa labari ne mai daɗi, domin ana sa ran ya yi fitsarin farko cikin sa'o'i 24. Unable to void kuwa na nufin fitsari ya ƙi fita, kuma idan mara ta kumbura tana ciwo ba a kwana da shi a gida, robar fitsari ake sa wa. Faransanci miction yake cewa.

Dattawa masu matsalar furostet sukan dawo da takardar hoton mara mai ɗauke da post-void residual da lamba a gabanta. Fitsarin da ya rage a mafitsara ke nan bayan mutum ya gama, ana auna shi cikin 'yan mintoci da fitowarsa daga bayi. Ƙasa da mililita 50 ana ɗauka mafitsara tana zazzagewa sosai, sama da 200 likita zai nemi dalili. Wajen kai fitsari gwaji kuma akwai kalmomi biyu masu kama da juna. First morning void shi ne fitsarin farko bayan tashi daga barci. First-void urine shi ne farkon abin da ya fito, ko da wane lokaci ne, kuma kishiyarsa midstream, inda ake barin na farko ya zuba a tari na tsakiya. Idan aka kawo wanda ba shi aka nema ba, sakamakon yana iya ɓata, don haka a tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji a ji daga bakinsa. 

A wurin gini

Injiniya idan ya rubuta voids, ramukan iska yake nufi. A cire katako daga ginshiƙi a ga tsakuwa tsirara, da ramuka kamar saƙar zuma, wani wurin har rodi yana leƙowa, su ke nan. Dalilansu sanannu ne: kankare ya yi tauri da yawa, ko an zubo shi daga nesa tsakuwa ta rabu da siminti, ko rodi ya yi cunkoso tsakuwa ta kasa wucewa, ko katako yana yoyon ruwan siminti, ko ba a girgiza ba. Illar ba ta kyan gani kaɗai ba ce. Kowane kashi 1 cikin 100 na iska da ya maƙale yana rage ƙarfin kankare da kusan kashi 5 zuwa 6, ga ruwa da zai sami hanya ya sa rodi tsatsa. Ana zuba kankare hawa-hawa, kowane hawa santimita 30 zuwa 50, a tsoma injin girgiza a tsaye na daƙiƙa 5 zuwa 15 har kumfa ta daina tasowa, a bar bakinsa ya shiga hawan ƙasa kaɗan, a zare shi a hankali. Inda babu inji, a soka da guntun rodi a kuma bubbuga katakon da guduma. Shafa filasta a kan rami mai zurfi ɓoye ciwo ne, sai an sassaƙe har a kai ga kankare mai ƙarfi a cike.

Ana iya ganin void na tsakuwa da ido. A cika bokiti mai lita 10 da tsakuwa daidai baki, a zuba ruwa da ma'auni har ya kawo sama. Idan ya sha lita 4, kashi 40 cikin 100 na bokitin sarari ne, kuma shi ne yashi da siminti za su cike. A rahoton gwajin ƙasa kuma, void ratio, wato indice des vides, girman sarari ne a raba da girman ƙwayar ƙasa, ba da girman duka ba. Idan ya nuna 0.5, sararin kashi ɗaya cikin uku ne na ƙasar, ba rabi ba. A zanen bene kuwa, ɗakin da aka ja wa layi biyu a gicciye aka rubuta void, ba soke shi aka yi ba, wuri ne da ba a zuba masa kankaren bene, ana barinsa a buɗe har sama, kamar saman falo ko ramin matakala.

Sauran wurare

Ɗalibin kwamfuta a Ngaundare ko Marwa zai haɗu da ita ranar farko, a void setup da void loop na Arduino, ko public static void main na Java. Ma'anarta wannan rukunin umarni zai yi aikinsa amma ba zai dawo da wata amsa ba. Wanda ya yi ƙoƙarin ajiye amsarsa a wani wuri, kwamfuta za ta ƙi. Ba ɗaya take da null ba, wadda ke nufin akwai mazubi amma ba ya nuni ga komai.

A labaran zaɓe, void votes su ne ƙuri'un da suka lalace, bulletins nuls a takardun ELECAM, hukumar zaɓen Kamaru, kuma ba su hana zaɓen tsayawa. Soke zaɓe gaba ɗaya wani abu ne, irin wanda Kotun Ƙolin Kenya ta yi ranar 1 ga Satumban 2017, ta ce zaɓen shugaban ƙasa null and void ne, a sake shi cikin kwana 60. A wasiƙar ta'aziyya kuwa, left a void, Hausa ta riga ta tanadi maganarta: ya bar giɓi mai wuyar cikewa.

Saura avoid. Da yake ba mu da harafin v a bakinmu, void da avoid kusan sauti ɗaya suke fita a waya, don haka idan maganar kuɗi ce a sa a turo a rubuce. A maganar yau da kullum avoid gujewa ce. A takardar lauya kuwa, musamman ta inshora, the insurer may avoid the policy na nufin kamfanin yana da ikon rushe inshorar tun daga tushe, ya ƙi biyan ko sisi, idan ya gano an ɓoye masa gaskiya lokacin cike fom. Kundin dokar inshora na CIMA da Kamaru da Chadi suke bi ya tanadi irin haka a sashe na 18: ƙaryar ganganci tana ɓata yarjejeniyar, kuɗin da aka riga aka biya kuma sun zama na kamfani. Mai motar da yake ɗaukar fasinja tsakanin Garwa da Gidar amma ya rubuta a fom cewa ta hawan iyali ce, a ƙarƙashin wannan sashen yake. Idan amfanin mota ya canja bayan an yi inshora, a koma ofishin a sanar da su a rubuce, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, a ajiye shi tare da takardun mota.